Sayen jitar bes ta hannu mai sunan makaɗi a Jos: abin dubawa kafin ka tura kuɗi

Jitar bes da kamfani ya ƙera da sunan wani shahararren makaɗi kuɗi biyu ake biya a kanta. Akwai kuɗin katako da ƙarfe da waya, akwai kuma kuɗin sunan da aka buga a kai. Idan sabuwa ce dal daga kwali, duka biyun suna nan. Amma wadda ta bi hannun mutum uku ko huɗu, ta sha zaman kwantena, ta kwana a kasuwar Alaba ta Legas kafin ta hau motar Jos, sai an tabbatar da kowanne daban. Tambayoyi uku ne za su raba ka da asara: ta gaske ce? Kayan da suka sa ta amsa wannan suna suna jikinta har yanzu? Wuyanta yana da rai? Ta ukun ta fi sauran nauyi, domin duk wani abu da ke jikin bes ana iya sauya shi da sukundireba da dalma, amma wuyan da ya mutu sai dai a nemo wani.

Ka san wadda kake nema tun daga gida

Kada ka shiga shagunan kayan sauti na wajen Taminus, ko ka buɗe Jiji da Facebook, da niyyar “duk wadda na gani”. Tsayar da samfuri ɗaya ko biyu, ka haddace siffarsu daga shafin kamfanin.

Sire Marcus Miller, musamman V3 da V7, tana yawo a hannun masu kaɗa bes a coci da situdiyo. A 2015 ta fara fitowa, kuma a Indonesiya ake ƙera ta. V7 tana aiki da batir biyu masu bolt 9, tana kuma da ɗan makunnin da ke mayar da ita marar batir. Kada a rikita ta da Fender Marcus Miller Jazz Bass, wadda aka kwaikwayo daga jitar makaɗin ta 1977. Mai tsirkiya huɗu, Fender ɗin Japan ce ta fara yin ta, daga baya aikin ya koma Meziko, kuma ana gane ta da faffaɗan murfin gaba mai wurin batir, da sukurori uku kacal da suka riƙe wuya. Fender Geddy Lee ba ta da batir sam, wuyanta galibi siriri ne, fari, mai alamu masu kusurwa huɗu, kuma akwai ta Japan, akwai ta Meziko, akwai ta Amurka, farashinsu ba ɗaya ba. Yamaha BBNE2 ta Nathan East tsirkiya biyar gare ta, wuyanta ya ratsa cikin gangar jiki, ba a kwance shi. MTD Kingston ta Andrew Gouché ta samu karɓuwa wajen masu kiɗan bishara. Ibanez GWB35 ta Gary Willis kuma ba ta da firet ko ɗaya, wato ƙananan ƙarafan nan da ke gicciye a wuya, don haka mai koyo ya yi nesa da ita.

Sunan makaɗi ba ya nufin jitar za ta dace da hannunka. Shi aka auna wa, ba kai ba. Wanda ya saba da wuya mai kauri zai iya jin ta Geddy Lee ta yi masa siranta, kuma wasu masu katakon ash suna kusantar kilo 5, abin da kafaɗa za ta gaya maka bayan tsayuwar awa uku a wurin biki.

Hotuna da lamba, kafin ka kashe kuɗin Keke

Ka ce wa mai sayarwa: “Ɗan'uwa, don Allah ɗauko mini kan jitar gaba da baya, da farantin ƙarfen da ke bayan wuya, da cikin wurin batir, a hasken rana.” Ka ƙara da bidiyo gajere yana kaɗa ta, da takarda a gefe mai ɗauke da kwanan watan ranar. Wanda jitar ke hannunsa da gaske ba zai ɗauki minti goma ba. Wanda ya sato hotuna daga intanet zai fara kame-kame.

Lambar siriyal ta Fender tana faɗar ƙasa da zamani. Ta Meziko tana farawa da MN a shekarun 1990, MZ a shekarun 2000, sannan MX daga 2010. Ta Amurka tana farawa da N a shekarun 1990, Z a shekarun 2000, sannan US daga 2010, lambobi biyun da ke biye da US ɗin su ne shekarar. Ta Japan a rubuce take ƙarara cewa Japan ce, galibi a gindin wuya ta baya. Fender tana da wurin bincika lamba a shafinta. Idan ka saka lambar ta fito da jita mai tsirkiya shida ja, alhali bes baƙa ce a gabanka, magana ta ƙare. Sai dai fitowar lamba daidai ba ita kaɗai ce hujja ba, domin masu jabu suna kwafar lambar gaske su buga a kan jita ɗari.

Haɗa lamba da tarihi. Wanda ya ce maka Sire ɗinsa ta 2010 ce, ko dai bai san kayansa ba ko yana son ya gwada ka. Haka Fodera, wadda ake ƙerawa da hannu a Brooklyn ta Amurka ana sayar da ita dubban daloli, idan ka gan ta da sunan Victor Wooten a kuɗin jitar koyo, ba tsintuwa ka yi ba, jabu ce.

Abin da za ka riƙe

Kebul ɗinka da ka san lafiyarsa lau, sababbin batir biyu masu bolt 9, kafo (maƙalin da ke danne duk tsirkiyoyi a firet ɗaya), rula ta ƙarfe mai milimita, tsohon katin ATM, ƙaramar tocila, sukundireba mai kan kuros, alanki iri biyu (na inci da na milimita), ɗan ƙullin auduga, da manhajar saita sauti a waya. In ka samu aron fila-gej ɗin da kanikawa ke auna bakin fulogi da shi, ya fi. Ka tabbatar akwai amfilifayar bes a wurin, ba sifikar Bluetooth ba, kuma akwai wuta ko janareta. In kai sabon hannu ne, tafi da wanda ya daɗe yana kaɗawa, ka biya masa kuɗin mota da na abinci. Wannan shi ne kuɗi mafi araha a duk cinikin.

Wuya

Tsirkiya huɗu na bes suna jan wuya da nauyin da ya haura kilo 70, dare da rana. Abin da ke hana shi lanƙwasa shi ne sandar ƙarfe da aka binne a cikinsa, mai noti a wajen kai ko a gindi. Jos tana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana tsotse danshin katako, sannan damina ta mayar masa. Jitar da ta saba da danshin Legas ko ta fito daga ɗaki mai na'urar ɗumama a Turai dole ta motsa idan ta zo nan. Motsin ba laifi ba ne muddin sandar tana aiki.

Fara da saita tsirkiya daidai, E, A, D, G, da B a ƙasa in biyar ce. Mai sayarwa da ya miƙo maka jita tsirkiya a sake, ko an sauke sautin, wataƙila yana ɓoye lanƙwasa ne. Ɗaure ta, ka ba ta minti biyar.

Sai ka ɗora gindin jitar a ƙasa ko a kan kujera, ka runtse ido ɗaya, ka leƙa daga kai zuwa ƙasa, gefen tsirkiya mai kauri tukuna, sannan gefen siririya. Ɗan lanƙwasa kaɗan zuwa gaba daidai ne, amma ya zama iri ɗaya a gefe biyun. Idan gefe guda ya lotsa ɗayan ya miƙe ko ya turo baya, wuyan ya murɗe. Ajiye ta. Babu alankin da ke gyara wannan. Dubi kuma daga firet na 14 zuwa ƙarshe, inda wuya ya haɗu da jiki. Idan wurin ya ɗago kamar ɗan tudu, sautukan sama za su riƙa shaƙewa ko yaya aka saita ta.

Yanzu awo. Maƙala kafo a firet na farko, danne tsirkiya mafi kauri a firet na ƙarshe da yatsa, ka dubi tazarar da ke tsakanin ƙasan tsirkiya da saman firet na 8. Abin da Fender ke bayarwa shi ne milimita 0.3 zuwa 0.35. Kaurin katin ATM milimita 0.76 ne, don haka rabinsa ake nema. Idan katin ya shige yana wasa, lanƙwasar ta yi yawa. Idan tsirkiya ta kwanta a kan firet babu tazara ko kaɗan, wuyan ya miƙe sosai ko ya koma baya. Cire kafo, ka auna tsayin tsirkiya a firet na 17 da rula: kimanin milimita 2.4 a mai kauri, 2.0 a siririya. Wanda ya haura 4 alama ce ta ko dai sakaci ko ɓoye ƙarar firet.

Duk waɗannan ana gyara su idan sandar na juyawa, shi ya sa gwajinta ya zama dole. Nemi izinin mai ita. Haska tocila a bakin notin ka ga ko kusurwoyinsa shida suna nan, ko an cinye su sun zama zagaye. Cinyewar tana faruwa ne idan aka zura alankin milimita a notin inci ko akasin haka. Fender na Amurka da Meziko galibi na inci suke ɗauka, na Asiya kuma na milimita. Saka wanda ya zauna daram, ka murɗa hagu kaɗan, kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, sannan ka mayar dama yadda yake. Ya kamata ka ji ƙarfi amma yana tafiya. Abubuwa uku ne ke kashe ciniki a nan. Wuya ya lanƙwasa gaba amma noti ya kai maƙura, ba ya ƙara ɗauruwa. Ko wuya ya koma baya alhali notin a sake yake gaba ɗaya. Ko kuma yana juyawa fayau ba ya riƙe komai, in ka ƙwanƙwasa bayan wuya kana jin ƙarfe na kaɗawa a ciki, wato sandar ta karye. A kan irin BBNE2, wadda wuyanta ba ya fita, ko ɗaya daga cikin ukun ya isa ka yi sallama. Kada ka taɓa tilasta noti a jitar da ba ka biya ba, in ya karye a hannunka ta zama taka.

Mai sayarwa da ya hana a taɓa sandar yana da haƙƙinsa. Kai ma kana da haƙƙin ka ce shi ya murɗa kana kallo.

Daga nan juya jitar, ka duba bayan kai da tocila. Tsagewar fenti siririya a gefen aljihun da wuya ke shiga abu ne da aka saba gani, ba ta hana komai. Tsagewa a bayan kai kusa da kunnuwan ɗaure tsirkiya, ko wurin da fentinsa ya bambanta da sauran, yana nuna an taɓa karyawa an manne.

Firet

Ja auduga a hankali a gefen wuya daga sama har ƙasa. Inda ta maƙale, bakin firet ya fito ne saboda katako ya tsuke ƙarfe kuwa bai tsuke ba. A Jos lokacin hunturu wannan ruwan dare ne, kuma gyaransa ɗan gugar magagari ne, sai dai dalili ne na neman ragi. Ɗaga tsirkiyoyi gefe ka dubi firet biyar na farko. Ƙananan ramuka inda tsirkiya ke gugawa suna nuna yawan aiki. In sun yi zurfin da farce ke faɗawa, akwai aikin daidaitawa ko sauyawa a gaba, kuma masu yin sa da kyau ba su da yawa. Ɗora gefen katin ATM a kan firet uku a jere. Idan yana rangaji, na tsakiyan ya ɗago.

Sai ka kaɗa kowane firet a kowace tsirkiya, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da gaggawa ba. Ba lokacin nuna gwaninta ba ne. Zizar da ta tsaya a firet ɗaya tak matsalar wannan wurin ce. Wadda ta mamaye firet biyar na farko tana nuna wuya ya miƙe da yawa. A tsirkiyar G, tsakanin firet na 5 da na 7, yawancin bes masu ƙirar Fender suna da wurin da sauti ke saurin mutuwa. Kaɗan ba komai, amma in ya ɗauke nan take, za ka ji shi a kowane rikodin. Gwada kuma firet na 12 da manhajar saita sauti, ta nuna harafi ɗaya daidai da na tsirkiya a buɗe. In ya kauce, ana gyarawa a birij, ƙarfen da ke riƙe da tsirkiya a gindi, matuƙar sukurorinsa ba su yi tsatsa sun ƙame ba.

Lantarki

Jona ta da kebul ɗinka. Girgiza kan kebul ɗin a bakin jak, ramin da yake shiga, in sauti yana yankewa, ƙaramin gyara ne. Murɗa kowane maɓalli daga farko zuwa ƙarshe. Ƙarar ƙas-ƙas yawanci ƙura ce, kuma ƙura ba ta yi wa Jos kaɗan ba. Maɓallin da ba ya sauya komai kuwa, ko an yanke wayarsa ko allon lantarki na ciki ya mutu. Taɓa kan kowane fikof, maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya, da bakin sukundireba a hankali. Kowanne ya ba da ƙara “ƙwas” idan aka juya gare shi.

A samfurin Jazz, wato ƙirar Fender mai fikof biyu irin ta Geddy Lee, idan ka buɗe fikof ɗaya shi kaɗai za ka ji ɗan gurnani, in ka buɗe biyun gaba ɗaya ya ɓace. Haka aka yi su. Gurnanin da ke raguwa idan ka ɗora hannu a kan tsirkiya shi ma na yau da kullum ne. Wanda ba ya sauyawa ko ka taɓa, ko yake ƙaruwa, yana nuna wayar at (earth) ta birij ta tsinke. Ka tuna wutar janareta da soket marar at suna ƙara gurnani, don haka in da hali gwada wata bes a amfilifaya ɗaya ka kwatanta. In kuwa ka ji wuta tana ɗan cizon yatsa a tsirkiya, cire kebul nan take, laifin amfilifaya ne ko wayar ɗakin.

Mai batir tana buƙatar ƙarin duba. Buɗe wurin batir. Farin gari ko kore a bakin maƙalin yana nuna batir ya taɓa zuba, sai ka bi wayar da ido ka ga iyakar inda ya ci. Saka naka sababbi. Sautin da ke fashewa idan ka kaɗa da ƙarfi sau da yawa batir ne ya yi sanyi, in ya ci gaba bayan ka sauya, allon ne. A V7, gwada makunnin a ɓangare biyun, ka kuma cire batir ka tabbatar tana magana ba tare da su ba.

Kayan asali

A nan ne kuɗin suna yake zama ko ya tashi. Kwance murfin baya ko na gaba, da izini. Dalmar kamfani ƙanana ce, mai sheƙi, iri ɗaya. Dunƙulen dalma mai toka-toka, da baƙin salatif, da waya kala-kala suna nuna an shiga. Shiga ba laifi ba ne in an faɗa maka. Abin tsoro shi ne a cire fikof ko allon asali a sayar daban, a cusa na banza a rufe. Kwatanta birij, kunnuwa, maɓallai da murfi da hoton kamfani. Ramukan sukurori da ba kowa a ciki, ko inuwar wani tsohon ƙarfe a fenti, suna nuna an sauya wani abu.

Shafa tambari da sa hannun da ɗan yatsa, ka haska su ta gefe. Harafi mai kauri fiye da kima, rubutu a karkace, ko fentin fuskar kai da ya fi na bayan wuya sabunta, duk suna nuna an kankare wani suna an liƙa wannan. Akan yi wa Squier, ƙanwar Fender mai araha, haka a mayar da ita Fender. Akwai kuma haɗe-haɗe, wuyan gaske a jikin wata jitar daban. Tazara mai faɗi a aljihun wuya, ko tsirkiyoyi da suka karkata gefe guda, su ne alamarsa. Irin wannan tana iya yin daɗin kaɗawa, amma kuɗin bes ta yau da kullum za ka biya.

Ciniki da takarda

Duba shafukan ciniki na Reverb ko eBay, farashin da aka riga aka sayar, ba wanda ake nema ba, ka juya shi zuwa naira da canjin ranar. Mai lafiya da kayanta cikakku takan tsaya tsakanin rabi da kashi biyu cikin uku na kuɗin sabuwa, sai dai samfurin da aka daina yi yakan riƙe daraja fiye da haka. Rubuta duk abin da ka gano, ka cire kuɗin gyaransa ɗaya bayan ɗaya: sabon saitin tsirkiya mai awo 45 zuwa 105, da 130 in akwai B, kuɗin mai saitawa, batir, jaka ko akwati in babu. Taya da hujja ya fi “rage mini don Allah” tasiri.

Kayan kiɗa suna ɓacewa daga coci da situdiyo, kuma masu kaɗa bes a Jos sun san juna, sun san jitar juna. Tambayi inda aka samo ta, ka nemi rasit. Lambar da aka kankare ko aka shafe da fenti dalili ne na tashi, ko nawa aka rage. Ku rubuta takarda mai sunan mai sayarwa, samfuri, launi, lambar siriyal, kuɗi da kwanan wata, shi da kai da shaida ku sa hannu. Tura kuɗi ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunansa, jitar tana hannunka. Kuɗin kafin alƙalami ga wanda ba ka taɓa gani ba, a bar shi.

In dole sai an aiko ta daga Legas ko Abuja, samu wani amintacce can ya yi duk gwajin nan kuna kan kiran bidiyo. A sa ta cikin akwati mai ƙarfi, a cusa tsumma ƙarƙashin kai da wuya don kada ta yi motsi, a cire batir, kuma a roƙi direba kada a ɗora mata buhu. Idan ta iso, bar ta cikin akwatin a ɗaki na wasu awoyi kafin ka buɗe, ka kuma ba ta mako ɗaya zuwa biyu ta saba da iskar gari kafin a yi mata saitin ƙarshe. In za a murɗa sanda, kwata ɗaya na zagaye a rana ya isa, dama don miƙar da wuya, hagu don sassauta shi. Kada a jingine ta kusa da taga mai rana ko kaskon gawayi, kuma mai batir a riƙa zare mata kebul bayan an gama, domin muddin yana ciki batir na ci.